Ɗan Lauya a Ofishin Ubansa: Inda Aikina Kan George Templeton Strong Ya Kwana

5 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi don in riƙa rubuta inda aiki ya kwana, ko na daina yi wa kaina ƙarya cewa ina ci gaba. Aikin ɗan littafi ne da Hausa, wanda ba zai wuce shafi tamanin ba, kan yadda wani saurayi ɗan masu hali ya yi karatun lauya a birnin Niyok na Amurka kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, da yadda zaman gidansu yake.

Sunansa George Templeton Strong. An haife shi ranar 26 ga Janairu 1820, ya rasu a watan Yulin 1875. Yana ɗan shekara 15, a watan Oktoban 1835, ya fara rubuta abin da ya gani da abin da ya ji a kullum, bai ajiye alƙalami ba sai makonni kaɗan kafin ajalinsa. Shekara arba'in ke nan, kalmomi sun haura miliyan huɗu, da rubutu ƙanana kamar sahun kiyashi. Asalin kundin yana ajiye a Ƙungiyar Tarihi ta Niyok. A 1952 Allan Nevins da Milton Halsey Thomas suka tsamo wani ɓangare suka buga a juzu'i huɗu. Na farko, wanda ya tsaya a 1849, shi nake aiki da shi.

Dalilina kuwa yaran da ake turo mana cemba, wato ofishinmu na lauyoyi, ne daga Makarantar Lauyoyi. Kowace shekara sai wani ya tambaye ni, "Barista, yanzu duk karatun da na yi ƙarshensa ɗaukar fayil da layin rajistara?" Ina so in miƙa masa wani abu ya karanta.

Tsarin da na yanke: kashi biyu. Na ɗaya Gida, na biyu Ofis.

12 ga Janairu

Na gama tattara asalin gidan. Uban, George Washington Strong, babban lauya ne a birnin, an haife shi a 1783, shekarar da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ƙare, don haka sunan ba abin mamaki ba ne. Mutanen Setauket ne, a tsibirin Long Island, kuma mahaifiyar uban, Anna Strong, ita ce wadda ake dangantawa da 'yan leƙen asirin Janar Washington a lokacin yaƙin. Uwar George kuwa Eliza Catherine Templeton, matar uban ta biyu, bayan ta farko ta rasu ta bar 'ya'ya mata. Gidansu yana lamba 108 a titin Greenwich, can ƙasan birni, tafiyar ƙafa zuwa titin Wall inda ofisoshin lauyoyi da bankuna suke, tafiyar ƙafa kuma zuwa Kwalejin Columbia, wadda a lokacin take kusa da zauren birni.

Wato duniyar yaron nan duka ba ta fi daga Ƙofar Mata zuwa Kurmi da dawowa ba. Birnin kansa a ƙidayar 1840 mutum 312,710 ne.

Shafi shida yau. Sanyi ya hana ni zama bayan ƙarfe goma sha ɗaya.

19 ga Janairu

Gobara. Wata biyu da George ya fara kundinsa, daren 16 ga Disamba 1835, wuta ta tashi a unguwar 'yan kasuwa kusa da titin Wall. Sanyin daren ya kai ruwa yana daskarewa a cikin bututun 'yan kwana-kwana. Gine-gine sama da ɗari shida suka tafi, har da babban zauren hada-hadar 'yan kasuwa, sai da aka kawo albarushi aka tarwatsa wasu gidaje kafin a datse wa wutar hanya. Mafi yawan kamfanonin inshorar birnin suka karye, domin abin da ake binsu ya fi abin da suke da shi.

Na tsaya ina tunanin kashin da zan sa wannan. Labarin gida ne, don yaro ne da ke kwana 'yan tituna kaɗan daga wutar, kuma daga nan har ya girma bai daina bin gobara ba. Da an kaɗa ƙararrawa sai ya ɗauki hula, ya dawo ya rubuta yadda ta ci, kamar mai ba da sharhin wasan ƙwallo. Amma labarin ofis ne kuma. Duk gidan da ya ƙone akwai takardar jingina a kansa, akwai ɗan haya, akwai marayun da aka zuba gadonsu a hannun jarin inshora. Toka tana hucewa, aikin lauyoyi yake farawa. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 10 ga Mayu 1837, bankunan birnin suka daina canza takardar kuɗi da zinariya da azurfa, kasuwa ta durƙushe. A cikin wannan ƙura ya gama Columbia a 1838 ya shiga ofishin ubansa.

Na sa gobarar a kashin Gida, na yi mata alama da jan biro.

2 ga Fabrairu

Mako biyu ina fama da dokar shiga aikin lauya, yau ta warware mini.

A jihar Niyok ta wancan lokaci, wanda yake son zama lauya sai ya yi shekara bakwai yana akawu a ofishin wani lauya. Amma ana rage masa har shekara huɗu idan ya yi karatun Latin da Girkanci bayan ya cika shekara 14. Ɗan kwaleji irin George shekara uku kawai ta rage masa, shi ya sa ya shiga a 1838 ya fito a 1841. Ɗan talaka da bai ga ƙofar kwaleji ba, bakwai ɗin nan cur zai yi. Dokar ba ta ambaci kuɗin uban kowa ba, amma kowa ya san wanda ta yi wa shimfiɗa.

Makarantun lauya akwai su, kaɗan. Ta Litchfield, wadda Tapping Reeve ya kafa, ta rufe a 1833. Ta Harvard ta buɗe a 1817. Amma yawancin lauyoyin ƙasar ta ofis suka bi. Kuma ko bayan jarrabawa matakin farko kawai ka taka: kai atoni ne, mai shirya takardu da shigar da ƙara. Sai ka ƙara shekara uku kafin ka hau mataki na biyu, na masu tsayawa gaban manyan alƙalai su yi muhawara. Sunan wannan mataki da Turanci ya yi kama da kansila, kuma da na bar shi haka da mai karatu ya ɗauka kansilan mazaɓa ne. Na zaɓi "lauyan takardu" da "lauyan tsayuwa". Maigidana a cemba ya duba ya ce, "To, ba laifi, amma mu nan kowa biyun yake yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ya sa nake so su san a da ba haka ba ne."

3 ga Fabrairu

An ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya mutu, shafi huɗun jiya ba su ajiyu ba. Na sake rubuta uku daga ka. Na huɗun ya bi ruwa.

16 ga Fabrairu

Littattafan. Biyu ne ginshiƙi, kuma babu ɗalibin da ya tsallake su. Na farko sharhin William Blackstone kan dokokin Ingila, juzu'i huɗu, wanda ya fito tsakanin 1765 da 1769 daga laccocin da ya yi a Oxford: haƙƙin mutane, haƙƙin dukiya, laifin da ke tsakanin mutum da mutum, sai laifin da aka yi wa hukuma. Na biyu sharhin James Kent kan dokokin Amurka, shi ma juzu'i huɗu, 1826 zuwa 1830. Kent ɗan gida ne. Ya shugabanci Kotun Cansari ta jihar daga 1814 zuwa 1823, tsarin mulki ya tilasta masa ritaya da ya cika shekara 60, sai ya koma Columbia yana lacca, laccocin suka zama littafi. Da ba a sallame shi da ƙarfinsa ba, wataƙila da bai samu lokacin rubutawa ba.

Kotun Cansarin nan ta ci mini kwana uku. Kotu ce daban da ta gama-gari, babu juri a cikinta, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke hukunci, tana duba al'amuran amana, dukiyar marayu, karɓe gidan da aka jinginar, da wuraren da bin harafin doka zai haifar da zalunci. Na kira ta "kotun duba adalci", ko da yake sunan yana yi wa ɗaya kotun habaici. Mu ma mun gaji wannan rabe-rabe a karatu, tun da dokar Ingila da ƙa'idojin wannan kotu suna cikin abin da Turawa suka shigo mana da shi, amma kotu ɗaya ke aiki da su duka.

Da nake rubuta wannan babi sai karatun zaure ya yi ta faɗo mini. Ɗalibi ya ɗauki Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, in ya yi nisa ya shiga Askari da Mukhtasar, duk a gaban malami ɗaya, a gidan malamin, yana kuma yi masa hidima. Kamar akwai. Sai dai malamin zaure yana zama ya biya maka, ya fassara, ya ji ka maimaita. Lauyan ofis kuwa sau da yawa littafin kawai zai miƙa maka ya ce ka karanta idan ka gama kwafi. Kuma ba a gama kwafi. Keken rubutu bai shiga kasuwa ba sai 1874. Kowace takardar cinikin fili, kowace wasiyya, kowane bayanin ƙara, da hannu ake rubuta shi, kwafin kotu daban, na abokin shari'a daban, na ofis daban. Akawu shi ne injin hoton takardu na zamanin, shi ne kuma ɗan aike.

George bai ɓoye gajiyarsa da wannan ba. Saurayi ne da ransa ke wurin kiɗa da tsofaffin littattafai, an zaunar da shi gaban jingina da gado. Abin da na lura shi ne, duk mitar da yake yi, washegari yana kan kujerarsa. A ƙarshe ma harkar filaye da wasiyya ce ta zama abincinsa.

1 ga Maris

An ga wata. Aiki zai koma bayan asuba, awa ɗaya kafin in fita.

9 ga Maris

Na sa Abraham Lincoln a gefe don awo. An haife shi a 1809, duk zamansa a aji bai cika shekara guda ba, ya ari littattafan doka daga John Todd Stuart ya karanta shi kaɗai, ya samu lasisi a jihar Illinois a watan Satumban 1836. Blackstone ɗin da George ya tarar a kan kanta a gidansu, shi Lincoln ya nema da wahala. Bayan shekara 25 suka haɗu ido da ido, ɗaya shugaban ƙasa, ɗaya ma'ajin hukumar da ke kula da lafiyar sojojin Arewa a yaƙin basasar Amurka. Sakin layi biyu kawai na ba wannan. Yana da daɗi, amma in na sake shi zai cinye littafin.

16 ga Maris

Na karanta wa uwargida babin zaman gida bayan shan ruwa. Akwai labarin molon coci, wato babbar ogan mai bututu da Henry Erben ya ƙera masa, aka girke ta a falon gidan ubansa wajen ƙarshen 1840, girmanta har ya sa ya laƙaba mata Jaluta. Ɗalibin lauya da bai fara samun ko sisi ba, ga kayan kiɗan da ya cika ɗaki. Akwai labarin ruwan kogin Croton, wanda aka jawo daga nisan mil 41 ya iso birnin a 1842, aka yi bikinsa ranar 14 ga Oktoba, da yadda George ya maida bahon wanka wurin hira da aka sa famfo a gidansu. Akwai ziyarar ranar sabuwar shekara, inda maza ke fita gida-gida suna gaisuwa, mata na zaune a falo da kayan ci da sha suna karɓar baƙi, kamar dai yawon Sallah amma da lissafin gida nawa ka taka.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Maigida, duk na ji. Amma kafin famfon nan, wa ke ɗebo masa ruwan? Wa ke hura wutar da yake karatu a gabanta?"

Babu su a babina, ko layi ɗaya.

23 ga Maris

Mako guda ina biyan bashin tambayar nan. An gama 'yanta bayi a jihar Niyok ranar 4 ga Yuli 1827, George yana ɗan shekara bakwai. Gidajen masu hali a zamanin samartakarsa 'yan aiki ne na albashi ke riƙe da su, kuma da yawa 'yan matan Ailan ne, musamman bayan yunwar dankali ta fara koro su daga 1845. Su ke hawa da sauka da gawayi, su ke wanki, su ke kwashe toka. A rubutunsa inuwa ce kawai. Idan kuma ya zo maganar mutanen Ailan gaba ɗaya, alƙalaminsa dafi yake zubarwa. Raini ne tsagwaronsa, na ɗan gata da yake ganin baƙin haure sun cika masa gari. Maganganunsa kan baƙar fata ma ba su da daɗin ji, duk da cewa daga baya ya juya wa bauta baya ya tsaya da Arewa a yaƙi.

Na yi ta kai-kawo ko in rage wannan, don yaran da nake rubuta wa kada su tsane shi tun a shafi na ashirin. Na bar shi. Mutumin yana da kaifin ido da barkwanci, yana kuma da wannan. Wanda ya karanta Blackstone kan haƙƙin mutane da safe, ya dawo da yamma bai ga mutumin da ya goge masa takalmi ba, shi ma darasi ne ga mai shirin zama lauya, ko da ban faɗa da bakina ba.

4 ga Afrilu

Bayan Sallah. Kwana goma ban taɓa komai ba. Na karanta duka daga farko, shafi 47, kuma akwai matsala.

Jan biron nan ya yi yawa. Gobara tana Gida amma rabinta Ofis ne. Uban yana fitowa a kashi na ɗaya a matsayin mai gida, ya sake fitowa a na biyu a matsayin mai ofis, kamar mutum biyu. Alhali mutum ɗaya ne, wanda yaron ke karyawa da shi, su bi titi ɗaya zuwa aiki, ya ba shi kwafi, su dawo tebur ɗaya da dare. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne, amma a nan barewar ce ta share hanyar, ta kuma tsaya a kai tana kallo. Ko abokin aikin uban, Marshall Bidwell, wanda ya baro Kanada bayan tawayen 1837, ya zama kamar ɗan gida, kuma George ya yi shekaru da dama yana aiki tare da shi bayan rasuwar uban a 1855. Ofishin nan bai mutu ba, shi ne ya rikiɗe ya zama kamfanin lauyoyi na Cadwalader, Wickersham & Taft.

Ni na kawo katangar tsakanin gida da ofis, daga rayuwata ta mai fita Kano da safe cikin cunkoso ya dawo bayan isha. A wurinsa babu ita. Zan rushe kashi biyun in bi shekaru.

20 ga Afrilu

Rushewar ta fi ginin wuya. Babi shida yanzu: 1835 zuwa 1838, kwaleji da gobara, 1838 zuwa 1841 babi biyu, don nan ne naman yake, sai shekarun lauyan takardu, sai sauyin doka, sai aure.

Babin sauyin doka ya ba ni tausayinsa. A 1846 jihar ta yi sabon tsarin mulki. Aka soke Kotun Cansari. Aka ce duk namiji ɗan ƙasa mai shekara 21, mai halin kirki, da ya nuna ya san aikin, yana da haƙƙin zama lauya, babu zancen shekara bakwai. A 1848 kuma aka kawo sabuwar dokar tafiyar da ƙara, wadda ake jingina wa David Dudley Field, ta share tsofaffin sigogin shigar da ƙara da akawu ke haddacewa. Wato abin da ya ƙona ƙuruciyarsa yana kwafa, kafin ya cika talatin an ce a ninke a ajiye. Ba mamaki da shi ne cikin amintattun Columbia da suka tsaya aka buɗe makarantar lauya a can a 1858, aka ɗauko Theodore Dwight ya jagorance ta. Wanda ofis ya horar, shi ya taimaka aka gina aji.

1 ga Mayu

Hutun ma'aikata, na samu yini guda. Ranar ta dace, don a tsohon Niyok 1 ga Mayu ce ranar ƙaura. Yarjejeniyar haya ta kusan duk birnin a ranar take ƙarewa, sai tituna su cushe da amalanke, gadaje da tukwane a kai, masu amalanke suna yanka farashin da suka ga dama. Na sa shi a babi na uku, daidai inda George ke koyon dokar mai gida da ɗan haya. Da tsohon tsari ne da na rasa inda zan ajiye shi.

15 ga Mayu

A rana irin ta yau a 1848 ya auri Ellen Ruggles, 'yar Samuel Ruggles, lauyan da ya tsara unguwar Gramercy Park, inda ma'auratan suka zauna daga baya. Na gama zubin farko na babin da daren nan.

Abin da ya riƙe babin shi ne wata doka da ta riga bikin da mako biyar. A dokar Ingila da Blackstone ya koya masa, mace in ta yi aure ta shige ƙarƙashin inuwar mijinta a idon shari'a: kayanta na hannu sun zama nasa, amfanin filinta shi ke ci, ba ta ƙulla ciniki da sunanta. Masu kuɗi suna kauce wa wannan ta hanyar rubuta amana kafin aure, kuma irin takardun da ofisoshi kamar na su Strong ke ci da su ke nan. A watan Afrilun 1848 majalisar jihar ta yi dokar da ta bar wa matar aure dukiyarta. Da na karanta wa uwargida wannan sai ta yi dariya ta ce, "Sai 1848? Mu da sadakinmu da gadonmu tun yaushe." Na sa maganarta a gefen shafi, ban yanke ko za ta shiga ba.

Shekarar da ta biyo ba ta yi musu sauƙi ba. Haihuwar fari ba ta zo da rai ba, Ellen ta sha da ƙyar, a watan Mayu aka yi tarzoma a Astor Place, wani wuri a cikin birnin, sojoji suka buɗe wuta kan jama'a, da bazara kuma kwalara ta shiga gari. A nan juzu'in ya tsaya, a nan ni ma zan tsaya. 'Ya'ya maza uku da suka zo daga baya, har da mai sunansa da ya zama mawallafin kiɗa ya ƙare rayuwarsa a Suwizalan, layi biyar sun ishe su a rufewa.

Shafi 71. Na buga babi na biyu da na uku na ba yaron da aka turo mana cemba a wannan zangon, na ce ya karanta ya ja layi duk inda ya fara hamma. Ya karɓa ya ce, "Yallaɓai, kafin ko bayan na kai fayil ɗin rajistara?" Na ce bayan. Ranar Litinin zai dawo mini da su, ni kuma kafin nan zan koma kan babin gobara, wanda har yanzu jan biro ya fi baƙi yawa a cikinsa.